Kanwar da aka tace sau uku

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, a wani lise, wato makarantar sakandare, kusa da kasuwar Lazare, kuma duk shekara darasin da na fi ji da shi shi ne na raba abubuwan da suka cakuɗe. A nan nake baje kolina. Sauran darussa alli ne da allo da hamma, amma wannan akwai wuta, akwai tururi, har ɗalibin da ya mai da bayan aji ɗakin kwanansa yakan miƙo wuya. Ni kuwa mutum ne mai son a kalle shi yana aiki, ban taɓa ɓoyewa ba. Matata takan ce ko shayi zan dafa sai na yi wa butar bayani.

A shekarar da nake magana, muna haya a Bobiyel, can inda kwalta ta ƙare, matata ta haifi ɗanmu na biyu a tsakiyar bazara. Jegon fari a Damagaram ta yi shi wurin mahaifiyarta, to kafin wannan Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. Don haka tawa uwar ce ta taso daga Maraɗi, da buhun gero, da yajin jego, da wani dunƙulen kanwa a tsumma wanda ya kusa kan jaririn girma. Inna ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A danginmu duk wadda ta haihu ita ake aika wa mota, kuma ba a yi mata gardama a kan ruwan wanka ko kunu.

Mako biyu bayan suna ƙafafun matata suka fara kumbura. Silifa ya daina shiga. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango tana haki, in ta kwanta kuma sai ta zabura ta zauna, wai numfashin ba ya kai mata. Na kai ta asibiti. Lokotoron wata mata ce mai gajeriyar magana, ta daɗe tana sauraren ƙirjinta, sannan ta ce zuciya ce ta gaji bayan haihuwa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, ruwa yana taruwa a jiki. Ta rubuta ƙwayoyi masu fitar da ruwan. Ta ce babu gishiri, babu dunƙulen miya, a sassauta wankan tafasasshen ruwa, kanwa kuwa ko ƙamshinta.

"In ruwan nan ya hau huhu," ta ce mani, "ba ni da alkawarin da zan yi maka."

Da na kawo wa Inna wannan labari sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Jego ba kanwa? To mi za ya wanke mata ciki? Mi za ya kawo nono?"

Na gyara zama na yi mata darasi guda, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta bar ni na gaji don kaina, ta ce, "To, an ji." Kuma ga dukkan alamu an ji ɗin. Kunu ya koma fari tas ba kanwa, miyar matata ta koma lami a ƴar tukunyarta daban. Kowace safiya kafin in fita sai na ɗanɗana kunun da cokali, kamar ɗan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka, Inna tana kallona tana taɓe baki. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce ai gidan mai ilimi daban ne.

Amma matata ba ta samu sauƙi ba. Kumburin ya wuce gwiwa. Da muka koma, lokotoron ta ɗora ta a sikeli, ta duba takardar makon da ya wuce, ta ce nauyi ya ƙaru maimakon ya ragu. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wani abu yana shiga jikin nan. Ka tabbata an daina gishiri da kanwa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, ni malamin shimi ne. Da bakina nake ɗanɗana duk abin da take ci." Ta ƙara yawan ƙwayar, ta sallame mu.

Ranar Talata aka zo kan darasin nawa. Tun Litinin babu ruwa a famfon Bobiyel, na labo, wato ɗakin gwajin lise, kuwa ya shekara bai ɗiga ba. Ruwan da muka saya wurin ɗan garuwa ja ne ja, yana randa yana kwanciya. Ni kuma ina bukatar ruwa mai kyau don gwaji na ƙarshe. Da na shiga ɗaki ɗaukar jakata, sai ga gora cike a gefen gadon matata, irin gorar robar nan ta ruwan kanti da ake sake cikawa, ruwan garau kamar ba komai a ciki. Ita tana barci a zaune, an tokare ta da matasai uku. Na ɗauki gorar na sa a jaka, na ce a raina Inna za ta cika mata wata.

Darasin ya tafi yadda nake so. Na zuba yashi da gishiri a kofin gilashi, na ƙara ruwa na dama a gabansu. Na naɗe takardar tacewa na sa a bakin mazurari, na tsiyaya. Yashi ya tsaya a takarda, ruwa ya ɗiga ƙasa fari fes. Na ɗaga shi sama na ce, "Wa zai ce akwai wani abu a nan?" Suka ce babu. Na zuba kaɗan a ƙaramin faranti na ɗora a risho, ruwa ya tafasa ya ƙone, gishiri ya fito fari ya kwanta. Na nuna masu wani farantin da na bari a taga tun makon jiya, inda rana ta shanye ruwan a hankali, ƙwayoyin suka fito manya masu kusurwa huɗu. Sai na faɗi maganar da nake faɗa duk shekara, da yatsa a sama, cewa takarda tana kama abin da bai narke ba ne kawai, abin da ya narke kuwa tare da ruwan yake wucewa, sai an kori ruwan yake bayyana. Suka rubuta a kaye, wato littafin rubutu.

Saura gwajin kwatanci. Na fito da gorar na ce, "Wannan ruwan gidana ne, shi iyalina ke sha. Za ku ga in ya ƙone ba ya barin komai sai ɗan tabo."

Na zuba cokali uku a sabon faranti. Na juya ina share allo, sai na ji farantin yana ƙara tas-tas, yana tsartuwa. Da na waiwayo, wani farin zobe ya kewaye gefen, yana kauri yana cin tsakiya. Wani wari ya taso mai kama da na ruwan wanki. Kafin in kashe wutar gindin farantin ya rufe ruf, ya fi na gishirin da na dama da hannuna yawa.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Mushe, ai na gidanku ya fi na gwajin." Mushe suke ce mana, mu malaman lakwal, wato makarantar boko. Aji ya kwashe da dariya.

Na ce farantin ne bai wanku ba. Na ɗauko wani, na goge shi da gefen rigata a gabansu, na sake. Haka ya sake yi. Na ɗiga masa ruwan asid ɗigo biyu, sai ya taso da kumfa yana shuu, abin da gishirin miya ba ya yi. Daga nan na yi abin da na hana ɗalibai tun ranar farko, na dangwala yatsa na kai harshe. Kanwa ce. Babu ɗan Maraɗin da zai ɓata wannan ɗanɗano.

Ina tsaye da yatsa a baki, ɗalibai sittin suna kallona, ni kuwa lissafi ne yake gudu a kaina ba da izinina ba. Cokali uku ne suka bar wannan. Gorar lita ɗaya da rabi ce. A zafin nan matata tana shanye biyu a wuni, wani lokaci har da ƙari, kuma da wannan ruwan take haɗiye ƙwayoyin lokotoro. Ni da hannuna na sha miƙa mata gorar in ce ta daure ta ƙara sha. Ban san yadda na fita ajin ba. Na dai tuna na ce wa mai gadi ya shiga ya rufe gaz ɗin rishon, na hau moto, wato babur, ba hular kwano.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana wankin tsummokin jariri. Na miƙa mata gorar kusan a fuska.

"Inna, mi ke cikin wanga?"

"Au, kai ka ɗauke ta? Tun ɗazu nike nema. Ruwanta ne."

"Kanwa ce ciki!"

"Babu kanwa ciki," ta ce, ko gezau. "Da dai akwai. Na jiƙa ta, na tace sau ukku da sabon alawayyo. Kanwar na zubda ta da hannuna. Taho ka gani."

Ta ja ni bayan ɗakin girki. A gindin bango akwai wani ɗan tudun laka mai ruwan toka, tarin kwana da kwanaki, ya bushe ya tsage. Ta nuna shi da ƙafa, da alfaharin wadda ta yi aiki mai tsabta.

"Ga kanwar nan duka. Lokotoro ta hana kanwa, na hidda kanwa. Abin da ya rage cikin ruwan albarkarta ce kaɗai, don ciki ya wanku."

Yashi da ƙasar da ke cikin kanwar ne ta zubar, kanwar kuwa ta bi ruwan gaba ɗaya.

"Wa ya ce maki tacewa na hidda kanwa?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai mana. Bara da damina da na zo, da ruwan pampo ya taho ja, ba kai ka ɗaure ƙyalle bakin bokiti ba? Kac ce, Inna duba, duk abin da ke cikin ruwa in ya biyo nan ya tsaya, abin da ya wuce tsarkakakke ne. Har ka sa na sha."

Na faɗa. Wallahi na faɗa, har na tuna rigar da ke jikina. Rabin darasin na ba ta, don rabin ne mai ban sha'awa a bakin bokiti, sauran rabin na ajiye wa ƴan lakwal masu jarrabawa.

Na shiga ɗaki. Matata ta farka, tana jin mu, leɓɓanta sun yi duhu, tana jan numfashi guntu-guntu. Na ce, "Ke ba ki ji ɗanɗanon ba?"

Ta ce, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, "Na ji. Na tambayi Inna. Ta ce kai ka gwada mata yadda ake cirewa. Na ce to, in kai ne."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"In kai ƙarar Inna wurinka?"

Wannan ya fi farin farantin girgiza ni. Mako biyu mata biyu suna ɗaki ɗaya, ɗaya tana ba da abin da zai kashe ɗayar da zuciya ɗaya, ɗayar tana sha don kunya, kuma su duka biyun da sunana suka dogara. Ni ina bakin ƙofa da cokalina ina gadin kunu.

Abin da na yi bayan nan ba na son tunawa. Na fita na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce za ta kashe mani mata da tsohon yayi. Har maƙwabciyarmu Bazabarma ta leƙo ta katanga tana ba da haƙuri. Inna ta tsaya da jiƙaƙƙen tsumma a hannu ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Na tari taksi na ɗauki matata.

A asibiti aka kwantar da ita nan take, aka sa mata robar iska a hanci. Ruwan ya fara hawa huhun. Na ba lokotoron labari kaina a ƙasa, ina jiran ta tuna mani cewa ni malamin shimi ne. Ba ta yi ba. Ta ce ciwon yakan zo ko babu kanwa, amma su suna kwashe ruwa daga ɗaki ne mu muna zubawa ta taga. Na tambaye ta ko za ta tashi. Ta ce a ga kwana uku tukuna.

Washegari da la'asar na dawo gida ɗaukar kaya. Jaririn yana bayan Inna, ita ke riƙe da shi, ni nake kai shi asibiti ina dawo da shi. Tun jiya ba ta ce mani uffan ba. Na ga ta ɗaure kayanta a ƙofar ɗaki. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Bar wannan. Gwada mani. Amma ba da kayan lakwal ɗinku ba, da nawa."

Ba ta bar ni na taɓa komai ba. Ta fasa kanwa ta jiƙa a ƙwarya, ta dama har ta narke. Ta ɗaure alawayyon a bakin kwano ta tace, ta wanke ƙyallen ta sake, ta kuma sakewa. Ta zuba a kofin shayi ta ɗaga wa rana, ta dube ni, wato ka gani ko. Sai ta hura gawayi, ta ɗora murfin tukunya a birkice, ta zuba ludayi guda. Muka tsuguna mu biyu muna kallo. A karo na farko a rayuwata ana gwaji a gabana ban ce komai ba.

Ruwan ya tafasa ya ja baya. Farin zoben ya fito, ya yi kauri, ya rufe murfin. Inna ta sauke shi da gefen zane, ta kankara da farce, ta kai baki. Na ga fuskarta ta canza.

"Watakila murhin ne," ta ce. Murfin take nufi. "Kawo wani. Kawo ruwan randa."

Na kawo. Ta zuba ruwan randa zalla a wani murfin ta ɗora. Ya ƙone ƙurmus, bai bar komai ba sai ɗan jan tabo. Ta ajiye su biyun gefe da gefe a ƙasa. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta zame ta zauna daɓas, da goyo a bayanta, tana salati ƙasa-ƙasa.

Na ɗauka matata take tunani. Na fara cewa lokotoro ta ce an samu ɗan sauƙi yau. Ba ta ji ni ba.

"Yayarka," ta ce.

Ina da yaya mace, ɗiyar Inna ta fari. Ta rasu ina ajin farko na koleji, wata guda bayan haihuwarta ta farko, a ɗakin Inna a Maraɗi. Abin da na sani kawai shi ne an ce sanyin jego ne ya shige ta. A gidanmu ba a ta da maganarta, kuma ban taɓa jin Inna ta ambace ta ba sai ranar.

"Ita ma ƙahwahunta sun hau haka. Ita ma zaune take kwana. Anka ce sanyi ne, sai na ƙara mata kanwa. Kullum ƙahwar na hawa ina ƙarawa. Ita ko tacewa ban yi ba." Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ni ce?"

Na so in ce a'a da ƙarfi. Na so in ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Na gaya mata abin da lokotoro ta ce, cewa ciwon yakan zo ko babu kanwa. Ta girgiza kai.

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ban sani ba, Inna."

"Kai da ba ka taɓa rasa amsa ba," ta ce. Ta tashi ta kwance kayan da ta ɗaure, ta mai da su ɗaki.

Kwana goma matata ta yi a asibiti. Kumburin ya saɓe, numfashi ya dawo, ko da yake har yau tana shan ƙwaya safe da yamma, kuma lokotoro ta ce kada a sake maganar ciki. Ranar da aka sallame ta, na riƙo ta muka shigo tsakar gida a hankali, na zaunar da ita a kujera a inuwa. Inna ta fito daga ɗakin girki, ta goge hannu, ta zo ta durƙusa a gabanta gwiwa biyu a ƙasa. Matata ta firgita, ta yunƙura za ta sauko daga kujerar, don a inda muka fito uwar miji ba ta durƙusa wa matar ɗa. Inna ta danne mata gwiwa.

"Ɗiyata, ki yahe mani."

"Haba Inna, don Allah ki tashi. Na yafe, wallahi na yafe, ba ki yi mani komai ba."

Inna ba ta tashi ba. Ta riƙe ƙafafun matata da hannu biyu, tana shafa inda kumburin ya saɓe fata ta yi yaushi.

"Ɗiyata, ki yahe mani," ta sake cewa.

Matata ta dube ni a ruɗe, tana kuka, ta ce, "Ai na ce na yafe, Inna." Ba ta san roƙon na biyu ba da ita ake ba, da yayata ake, ni kuma ban gaya mata ba sai bayan shekara.